Hoton Dutsen Shanya

Agege, Legas
Satumba, 1999

Zuwa ga taubashina Iliyasu,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Ya Gwaggo Mairama, ya ƙafar tata? Ka ce mata 'yar yayanta Mastura tana gaishe ta, wadda ba ta taɓa sa wa ido ba. Ya damina? Mu nan ruwa ya ishe mu, kwatar layinmu ta cika har tana leƙo mana ƙofar ɗaki.

Na san za ka ce yau wace rana. An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa ko a takarda ban iya ta ba. Lalura ce ta sa na ɗauki biro. Idon Baba ne. Na hagu ya tafi tun bara, na dama kuma likita ya ce hawan jinin ido ne, magani sai dai ya rage masa gudu. Baba ya ce yanzu duniya yake gani kamar mai leƙe ta ramin makulli, kullum ramin yana ƙara tsukewa. Ka kuma san tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya zaman mota daga nan zuwa tashar Ojota, balle garinku Kwarin Tama.

Shekaranjiya ina ba shi koko sai ya ce, "Mastura, ke da kike aikin hoto, ba za ki nuna mini Dutsen Shanya ba kafin a kashe fitilar?" Na ce ko in sa a ɗauko masa hoton dangi? Ya ce, "Waɗanda na sani rabi sun mutu, rabi sun tsufa, ba gane su zan yi ba. Dutse kuwa yana nan yadda na bar shi." Ya daɗe yana ba ni labarinsa: yadda ake shanya barkono a kansa har ya yi jawur, da gamjin da ya fito ta cikin tsaga, da kwarmin da ke riƙe ruwan sama a can ƙoli, inda shi da Gwaggo suke sha da tafin hannu in an tura su gadin shanya. Ya ce ranar da ya hau mota zai taho Ikko neman goro, dutsen ne abu na ƙarshe da ya daina hangowa. Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu ba sai ranar, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ni wankin hoto nake yi a shagon wani Bayarabe a nan Agege. Oga ya raka ni kasuwar Idumota mun duba kyamara tokunbo, wato ta hannu. Mun tsaya a kan guda ɗaya mai ƙwari, wadda ake sauya wa ido. Idon ne ban yanke shawara ba. Akwai mai jawo nesa kusa, shi ne na ɗaukar fuska, yana share duk abin da ke bayan mutum ya zama hazo-hazo. Akwai kuma mai faɗi, wanda ke kwaso fili gaba ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Kai ka san girman dutsen da inda za a tsaya, sai ka faɗa mini. Ka ba Isah amsa, direban da ke kawo tumatir kasuwar Mile 12, shi ne zai kawo maka wannan.

Kai malamin makaranta ne, danna maɓalli ba zai gagare ka ba, duk da dai ɗan mace ne kai.

Taka,
Mastura Mato

*

Kwarin Tama
Oktoba, 1999

Zuwa ga taubashiyata 'yar Ikko,

Amin wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun yi murna, mun kuma yi baƙin ciki. Allah ya ba Kawu Mato lafiya, ya sa kaffara ne. Muna nan lafiya, gero ya shiga rumbu, dawa ce ta rage. Ƙafar Inna da sauƙi, sai in an yi sanyi.

Ashe kin iya rubuta Hausa? Na ɗauka sai na nemo mai jin Yarabanci ya karanta mini.

Na karanta wa Inna takardar a gindin turmi. Da na zo wajen kwarmin ruwa sai ta ce in tsaya. Ta yi kuka sosai, Mastura. Da ta share ido ta ce a gaya wa Mato ya kalli mutane, dutse ba ya amsa gaisuwa.

Game da tambayarki, ki aiko da ido mai jawo fuska. Na yi tunani a kai, ba da ka na faɗa ba. Mai faɗin nan, yadda kika kwatanta shi, yana kwaso har abin da ba a aike shi ba. Kuma Kawu yana saurayi ya bar garin nan, abin da mutum ya bari da ƙuruciya ba lallai ya same shi yadda yake tunawa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ma da hali a bari sai wata daminar, lokacin ciyawa ta rufe abin da za ta rufe.

Akwai tsofaffi a nan da suka yi wasan ƙasa da Kawu. Akwai Malam Bature maƙeri, har yanzu yana tambayar labarinsa. Da zai ga fuskokinsu, ina ganin zai fi masa amfani.

Ki gaishe da Kawu da kyau, ki riƙe masa hannu ki ce daga ni ne.

Naki,
Iliyasu

*

Agege
Nuwamba, 1999

Iliyasu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Gwaggo da yara. Baba na nan yadda yake, ya ji daɗin gaisuwar Malam Bature, har ya yi dariya ya ce ashe wannan ja'irin yana raye.

To, na gane ka. Ido mai jawo fuska kake so don ka buɗe sana'a, ka riƙa bin gidajen suna da biki, kana ɗaukar 'yan makaranta hoton fasfo. Ban hana ka ba, in an gama aikin Baba kyamarar taka ce, ka ɗauki har akuyoyin garinku. Amma ka ce a jira wata damina? Idon Baba ba zai jira damina ba. Wancan makon ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kifar da shi, kofin yana gabansa. Ni na goge ruwan, ni na ga fuskarsa.

Na saya mai faɗin. Ga shi nan a hannun Isah cikin kwalin madara, na naɗe shi da tsohon zane. Akwai ƙafa uku ta ɗora kyamara, don in ka riƙe a hannu za ta girgiza, kuma Baba ba ya ganin abin da bai fito tsaf ba. Akwai fim biyu masu lamba ɗari, su ne na rana, na riga na saka ɗaya a ciki. Ban aiko da filasha ba, haskenta ba ya kai wa dutse. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Ka ja da baya har sai ka ga dutsen duka a ciki, da gamjin, da sama kaɗan a kansa. Kada ka buɗe bayan kyamarar don ka ga ko hoto ya shiga, na san halinku, haske zai ƙone shi duka.

Gani ya kori ji, Iliyasu. Shekara da shekaru Baba yana ba mu labarin dutsen nan, ni ma ina so in gan shi.

Mastura

*

Kwarin Tama
Janairu, 2000

Taubashiyata,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Da fatan kun sha ruwa lafiya, Kawu kuma ya samu sauƙi. Mun ji a rediyo rikicin da ya faru a Ketu da kasuwar Mile 12, hankalinmu ya tashi ƙwarai. Inna ba ta ci abinci ba sai da wani ɗan garinmu mai dako ya dawo ya ce Agege lafiya. Isah ya ajiye mota ya ce ba zai sake bin hanyar Ikko ba sai ƙura ta lafa, shi ya sa kika ji ni shiru. Wannan ce tafiyarsa ta farko.

Kaya sun iso ba abin da ya fashe. Ƙafa ukun nan ta tara mini jama'a, yara sun ɗauka bindiga ce. Maganar sana'a kuwa da kika yi, na bar ki da Allah, taubashi ba ya fushi.

Ga fim ɗaya. Ranar Sallah na ɗauka bayan la'asar, rana tana bayana kamar yadda kika ce. Ban buɗe bayanta ba. Na yi iya abin da zan iya yi, ki nuna wa Kawu a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Iliyasu

*

Agege
Fabrairu, 2000

Iliyasu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, in ban da idon Baba da ke ƙara tafiya.

Da hannuna na wanke fim ɗin, ban bari kowa ya taɓa ba. Ina tsaye bakin inji hotuna suna fitowa, ina jiran dutse. Na farko mutane. Na biyu mutane. Har na ƙarshe mutane, sun jeru kafaɗa da kafaɗa cikin kayan Sallah, na gaba a durƙushe, na baya a tsaye, wasu har sun hau benci. Ka kafa musu kyamara a hanci, ido mai faɗi ya kumbura wa na tsakiya fuska, ya ja kunnen na gefe. Oga ya leƙo ya ce, "Ah-ah, na census your brother dey do?" Wato wai ko ƙidayar jama'a kake yi. Yaran shago suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, bayi na shiga na yi kuka.

Ina dutsen? A hoto ɗaya kawai na ga wani ɗan baƙin abu ta tsakanin hular wani tsoho da ɗankwalin wata mata. Na san a ƙauye in an ga kyamara kowa sai ya shiga, kuma kunya ba za ta bar ka ka ce wa dattijo ya matsa ba. To da ka ba su rabin fim ɗin, ka bar wa Baba rabi. Mutum yana bakin makanta, ya roƙi abu guda ɗaya tak a duniya, kai kuma ka mai da abin wasan Sallah. Wannan ba wasan taubasai ba ne, raina ya ɓaci da kai.

Dole na kai masa su, don kullum yana tambaya ko Isah ya zo. Na ba shi madubin ƙara girma da muke duba nagetif da shi. Ya zauna bakin ƙofa inda haske yake, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Bai ce ina dutsen ba. Ya sa su a aljihun gaban rigarsa, ya ce in kawo masa buta. Shirun nan ya fi mini zafi a kan da ya yi faɗa.

Akwai sauran fim ɗaya a wurinka. Ka tashi da sassafe kafin gari ya farka, ka tafi kai kaɗai. Kada in ga ko kaza a ciki. In ba za ka iya ba, ka ba Isah kayan ya dawo mini da su, in nemi hutu in zo da kaina.

Mastura

*

Kwarin Tama
Afrilu, 2000

Mastura,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, zafi ne kawai. Ina fatan Kawu yana samun barci.

Takardarki ta daɗe a aljihuna ban amsa ba, Isah ya je ya dawo har sau biyu ina ce masa sai wani zuwan. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ga fim ɗin. Na fita ni kaɗai, na kafa ƙafa ukun a bakin tsohuwar hanyar mota, daidai inda Kawu zai waiwaya ranar da ya tafi. Na ja da baya yadda kika ce. Idon da kika zaɓa mai kyau ne, bai bar komai ba.

Babu Dutsen Shanya, Mastura. Tun zamanin soja wani kamfani ya zo da takarda ya ce zai fasa shi a yi tsakuwar kwalta. Suka sa nakiya. Shekara uku muna jin ƙara, bangon makarantarmu har ya tsage, tifa na shiga tana fita. Gamjin ne ya fara tafiya. Bara suka kwashe injinansu, suka bar mana rami mai koren ruwa da wani guntun gefe da bai kai tsawon rumbu biyu ba. Shi ne baƙin abin da kika gani tsakanin hular Malam Bature da ɗankwalin Inna. Kwaltar ma ba ta biyo ta garinmu ba. Yanzu a kan buhu mata ke shanya barkono a tsakar gida.

Tun ranar da aka sa nakiyar farko Inna ta ce duk wanda ya je Ikko ya gaya wa Mato, ba ita ba shi. Ta ce shi kaɗai ya rage wanda dutsen yake tsaye a wurinsa, a bar masa. Da takardarki ta farko ta zo na so in rubuta miki gaskiya, sai na tuna Kawu zai ce ki karanta masa, kuma ban san ko kin iya ɓoye abu a murya ba. Shi ya sa na roƙi ido mai jawo fuska. Da shi ne, da na tsai da Inna ita kaɗai, bayanta ya zama hazo, Kawu ya cike sauran da kansa.

Da mai faɗin ya zo na rasa yadda zan yi, duk inda na juya sai ramin ya shigo. Inna ce ta bi gida-gida da sandarta ana jibi Sallah. Ba rububin shiga hoto suka yi ba. Ni na jera su, dogaye a baya, na ɗauko bencin makaranta don a toshe inda ya rage. Malam Bature da ba ya iya tsayuwar sallah ya tsaya a rana har aka gama, ana riƙe da shi ta baya.

Ban ji haushin abin da kika rubuta ba, ba ki sani ba ne. Ki wanke wannan ke kaɗai. Nuna masa ko ɓoyewa, ya rage naki, ke ce a kusa da shi.

Naki,
Iliyasu

*

Agege
Yuni, 2000

Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo, gaisuwa ta musamman, da Malam Bature, da duk wanda ya tsaya a ranar nan. Damina ta sauka a nan, da fatan ku ma kun yi shuka. Ka yafe mini maganganun da na yi maka.

Na wanke fim ɗin bayan Oga ya fita. Ka iya ɗauka, komai ya fito tsaf, har sawun tayar tifa a bakin ramin. Na sa hotunan a ƙasan akwatina na ce ba zan taɓa nuna masa ba. Da ya tambaya ko Isah ya zo, na ce bai zo ba.

Ashe wahalar banza na yi. Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa ya ce, "Yaron nan ya aiko da hoton wurin, ko?" Na ce wane wuri, Baba? Ya ce, "Inda dutsen yake a da."

Hannuna ya tsaya. Na ce wa ya gaya maka? Ya ce, "Mairama ce ta gaya mini. Mairama gajeriya ce tun tana yarinya. Yaushe ta yi tsawon da za ta rufe Dutsen Shanya? Ko garin duka ya hau kan rumbu, dutsen zai leƙo ta samansu. Na duba saman kawunansu na ga sarari, a hoton farko na sani."

Na ce to me ya sa ka yi shiru, ka bar ni ina ta zagin Iliyasu? Ya ce, "Mutane sun sa kayan Sallah sun tsaya a rana don kada in gani. Sai in ce musu na gani?"

Ya ce in ɗauko masa na ramin. Na ɗauko, na sa masa a hannu, na miƙa masa madubin. Ya ce in bar madubin. A nan na san abin da yake ɓoye mini shi ma. Tun kafin fim ɗinka na biyu ya iso idon ya rufe, ya haddace ɗakin ne kawai yana lalube ba na lura. Ya shafa hoton da yatsa, a kife ma ya riƙe shi, ya ce, "Ba nauyi." Ya miƙo mini. Bai yi kuka ba, ni ce na yi.

Ka ga watannin nan da nake jiran dutse, ina fushi da kai, shi yana bakin ƙofa kullum da hantsi da hotunan Sallar nan da madubi. Ni ina ɗauka dutsen yake nema a ciki. Ya ce da su ya ƙarasa ganinsa. Abu na ƙarshe da ya iya rarrabewa fuskar Gwaggo ce, don ita ce a tsakiya, ido mai faɗin nan ya ƙara mata girma. Ya ce ta koma kamar mahaifiyarsu sak.

Ga ido mai jawo fuska nan a hannun Isah, wanda ka roƙa tun farko. Na koma Idumota na samo shi. Ba zai yi wa Baba amfani ba yanzu, amma ka bi tsofaffin nan ɗaya-ɗaya ka ɗauke su tun suna nan, ka fara da Gwaggo. Wannan don ni ne.

Sai roƙo ɗaya. Har yanzu hotunan suna aljihunsa. Kullum bayan la'asar sai ya zaro ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Wa ke tsaye kusa da Mairama a nan? Wa ke bayansa?" Sai in ce wani tsoho ne mai farar hula, wata mata ce mai goyo. Ya ce, "Sunansa fa? Ɗan wa ne?" Ni a Agege aka haife ni, Yaya, ban san kowa a ciki ba sai Gwaggo da Malam Bature. Na mayar maka da guda ɗaya wanda kowa ya fito a ciki. Ka rubuto mini su daga dama zuwa hagu, da sunan iyayensu, kada ka bari Isah ya sake tahowa ba tare da sunayen ba. Jikin Baba ya yi sanyi sosai kwanan nan.

Ƙanwarka,
Mastura